Gajeriyar Magana, Doguwar Ma'ana

Ɗalibai da yawa sukan ɗauka cewa tsawon insha'i shi ne ke kawo maki, sai a cika shafi uku da maimaici. Alhali kuwa tun asali Bahaushe ya fi girmama wanda zai dunƙule dogon zance cikin jimla ɗaya. Wannan gwaninta ita muke kira azanci, kuma tana da rassa da ya kamata mu iya bambance su kafin mu zauna jarrabawar WAEC ko NECO.

Babba a cikinsu shi ne karin magana. Ƙarfinsa yana cikin abin da bai faɗa ba. Idan kaka ta ce, "Komai nisan jifa," ta yi shiru, mu ne za mu ƙarasa da "ƙasa zai faɗo," mu kuma gano da wa take. Wani karin maganar yakan zo da ɗan labari mai ban dariya a wutsiyarsa, kamar "Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo."

Marubutanmu sun daɗe da sanin wannan sirri. Abubakar Imam ya sa wa littafinsa na 1937 suna Magana Jari Ce, jaridar da ya zama editanta a Zariya a 1939 kuwa sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafan gasar rubutu ta 1933, karin magana ne sukutum. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, sunan da duk mai jin Hausa ya san ƙarashensa: ubangidansa yake bi. Kalmomi uku sun nuna inda labarin ya dosa.

Inda aka fi rikicewa shi ne tsakanin habaici da zambo. Habaici ba ya kama suna. Ana jefa shi a fili, wanda ya tsargu ya san da shi ake. Zambo kuwa yakan fito da mutum ƙarara, ya siffanta kamanninsa ko halinsa don a yi masa dariya, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa abokan hamayyar ubangidansu. Kirari yana kambamawa ne, irin "Kano ta Dabo, tumbin giwa." Kacici-kacici kuma gwajin kaifin ƙwaƙwalwa ne: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Amsa: tsintsiya.

Sanin wannan bambanci ya wuce batun maki. Habaicin da muka ɗora a WhatsApp don mutum ɗaya, mutum goma ne za su karanta, kowa ya ɗauka da shi ake. Haka abota ke lalacewa a aji ba tare da an yi faɗa ba.

Ga aikin wannan mako. Mu ɗauki sakin layi ɗaya daga insha'inmu na ƙarshe, mu rage shi zuwa rabi ba tare da ma'anar ta ragu ba. Sannan mu nemi karin magana ɗaya tak da ya dace da shi. Idan bai zo mana ba, mu je wajen kaka ko wani dattijo a unguwa da littafi da biro, mu roƙe su guda biyar, tare da bayanin lokacin da ake faɗar kowanne.