Yaron Doki: Hannun da Ke Riƙe da Ragamar Zenyatta

Ranar 6 ga Disamba, 2010, da yamma liƙis, sanyi na ratsa ƙashi a garin Lexington na jihar Kentaki ta Amurka, mutane fiye da dubu suka yi cirko-cirko a filin dawaki na Keeneland suna jiran wata goɗiya da jirgi ya ɗauko daga Kalifoniya. Ba sukuwa za a yi ba, babu kofi, babu ko kwabon da wani zai ci. Goɗiyar ta yi ritaya ne, aka kawo ta gonar da za ta ƙarasa rayuwarta, su kuma suka fito tarya. Da aka zagaya da ita gabansu sai ta riƙa tsayawa tana miƙa wuya, masu shafa goshi na shafawa, masu hawaye na sharewa. Sunanta Zenyatta.

Duk wanda ya ga hotunanta na wancan zamani zai lura da wani mutum a gefenta na hagu, riƙe da ragama, idonsa a kanta ba a kan jama'a ba. Mario Espinoza ke nan, mai kula da ita. A wurinmu irinsa ake kira yaron doki, ko da kuwa ya yi furfura. Sana'arsa nake son mu duba, domin na daɗe da gamsuwa cewa sanyin halin da masoyan Zenyatta ke yabo, rabinsa halitta ce, rabinsa aikin hannun wannan bawan Allah ne da abokan aikinsa.

Sai dai a fara da ita, don a san nauyin abin da aka ɗora masa. An haife ta ranar 1 ga Afrilu, 2004. Ubanta Street Cry, ingarman da ya ci babbar sukuwar Dubai a 2002. Da aka kai ta kasuwar gwanjo ta Keeneland a 2005 tana fama da ciwon fata, jikinta duk tabo, shi ya sa Jerry Moss da matarsa Ann suka same ta a kan dala 60,000, kuɗin da a wannan kasuwa ba a bakin komai yake ba. Ta girma ta zama ƙatuwa: tsayinta daga ƙasa zuwa doro ya kai santimita 178, nauyinta ya haura kilo 500. Mai horar da ita, John Shirreffs, bai yi mata gaggawa ba, sai a Nuwamba 2007 ta fara shiga sukuwa. Daga nan ta ci sau 19 a jere. Salonta kuwa mai tsinka zuciya ne, domin a ƙarshen ayari take tafiya, kamar ba da ita ake yi ba, sai an karyo kwanar ƙarshe ta buɗe ƙafa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana wucewa. A 2009, a filin Santa Anita, ta zama mace ta farko da ta ci babbar sukuwar Breeders' Cup Classic, ta kayar da zaratan mazan dawaki. Shekara guda bayan haka, a wannan gasa dai, a filin Churchill Downs, gaban mutum fiye da 70,000, wani doki mai suna Blame ya riga ta da tazarar da ba ta wuce tsawon kai ba. Mahayinta Mike Smith ya yi kuka a gaban 'yan jarida, ya ɗora wa kansa laifin. Wannan ce sukuwarta ta 20, kuma ta ƙarshe.

Sukuwa irin wannan, ta mita 2,000, minti biyu ce da 'yan daƙiƙoƙi. Sau 20 ke nan a shekara uku. In ka haɗa duka, zaman da mahayi ya yi a bayanta a fagen gasa bai cika awa guda ba. Sauran kwanaki dubu da wani abu fa, a hannun wa take?

Yaron doki a bargar sukuwa ta Amurka yana tashi tun ƙarfe huɗu na asuba, wani wurin huɗu da rabi. Yawanci dawaki huɗu ake ba mutum ɗaya. Abin da zai fara dubawa shi ne kwanon abinci: ta cinye na jiya ko ta rage? Dokin da ya bar hatsi a kwano ya faɗa maka wani abu, sai dai in ba ka jin yarensa. Daga nan ya duba kashinta, ya ga taurinsa da yawansa, ya auna zafin jikinta, wanda a doki mai lafiya yake kusa da digiri 38. Sannan ya durƙusa ya kwance bandejin da ya naɗe ƙafafun da shi jiya, ya bi kowace ƙafa da tafin hannu daga gwiwa zuwa kofato, a hankali, yana neman ɗumi ko kumburin da ido ba ya gani. Nan ne ƙwarewar take. Nauyin rabin tan ne ke sauka a kan ƙafar da ba ta fi damtsen mutum kauri ba, cikin gudun da ya kai kilomita 60 a awa. Jijiyar da ta ɗan yi ɗumi yau, in ba a lura ba, gobe ita ce za ta tsinke a tsakiyar fili. Likitan dabbobi yana da na'urorinsa, amma sai an kira shi yake zuwa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Bayan haka sai sharar barga, a kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa a zuba sabuwa, a wanke bokitin ruwa, a sakace kofato, a goge jiki da buroshi har ya yi sheƙi, a taje geza da wutsiya. Ya ɗaura sirdi, ya sa linzami, ya miƙa ta ga mai motsa ta na safe. A wajen Zenyatta wannan aikin Steve Willard ne. In ta dawo tana huci, jiki sharkaf da gumi, sai wanka, sannan wani ma'aikacin ya ja ta yana zagaya barga da ita kamar rabin awa har jikinta ya huce, ana ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Wannan ma sana'a ce mai zaman kanta, kuma daga ita yawancin yaran doki ke farawa. Kafin azahar an sa wa ƙafafu ƙanƙara ko an shafe su da laka mai sanyi, an sake naɗewa. Naɗin bandeji kansa ilimi ne: in ya yi tsauri ya lalata jijiya, in ya yi sako-sako ya zame. Da la'asar a dawo a ba da abinci. Babu Asabar, babu Lahadi, domin doki bai san ranar hutu ba.

Abin da ya fi hana yaron doki barci shi ne ciwon ciki. Doki ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan, kuma hanjinsa na iya murɗewa cikin dare ɗaya. Wanda ya ga dokinsa yana tona ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, ya san ba zancen jiran gari ya waye ba ne. Shi ya sa da yawansu a harabar filin suke kwana, wasu a ɗakunan da aka gina wa ma'aikata, wasu a ɗan ɗakin ajiye sirdi, taku kaɗan daga dokin.

To ina sanyin halin ya shigo? Dokin sukuwa dabba ce da aka cika wa ciki da hatsi mai ƙarfi, aka kulle a ɗaki kusan awa 22 a rana. Mai cizo da harbi a cikinsu ba abin mamaki ba ne. Ita Zenyatta, a bargarta mai lamba 55 a filin Hollywood Park, Shirreffs ya saba fitar da ita kiwo da rana a ɗan filin ciyawa da ke bayan barga, a tsaya da ita tana ci ba gaggawa. Ya kuma bar ƙofa a buɗe ga baƙi, abin da masu horar da manyan dawaki ba su cika yarda da shi ba. Mutane suka riƙa zuwa da yara ƙanana, ita kuma ta sunkuyar da wannan ƙaton kai su taɓa. Amma kowane irin wannan tsayi, akwai mai riƙe da igiya yana karanta kunnuwanta, ya san lokacin da ta gaji da hannaye, ya san yaron da ya matso ta inda bai kamata ba. Ranar sukuwa har auduga ake cusa mata a kunne saboda ihun jama'a. Dokin da bai taɓa ganin duka daga hannun da ke ciyar da shi ba, wanda kullum murya ɗaya ke tashinsa da asuba, shi ne ke iya tsayawa cikin dubban mutane bai firgita ba.

Akwai kuma rawarta. Kafin a hau ta, in ana zagayawa da ita, sai ta riƙa miƙa ƙafar gaba tana takawa ɗaya-ɗaya, wuya a lanƙwashe. Amurkawa sun haukace a kan wannan. Mu da muka saba ganin dokin hakimi na taka rawa ranar hawan sallah ba za mu ga baƙon abu ba, kuma mun san wanda ya kwana yana yi wa dokin wanka da yankan ciyawa ba shi ake yi wa kirari ba. Ko da yake a nan sarautar gargajiya ta ɗan fi su adalci, tunda ta ware wa mai kula da barga sarauta sukutum, ta Shamaki.

Zancen kuɗi kuwa, Zenyatta ta ci fiye da dala miliyan 7. Al'adar can ita ce, in doki ya yi na ɗaya, mahayi ya ɗauki kashi goma cikin ɗari na rabon mai doki, mai horarwa ma haka. Yaron doki albashin mako yake karɓa, sai ɗan ihsani in an yi nasara, wanda a barga da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. A da baƙaƙen fatan kudancin Amurka ne suka riƙe sana'ar, gadon da ya samo asali tun zamanin bauta. Yau mafi yawansu 'yan ci-rani ne daga Meziko da Gwatemala, da yawa da takardar izinin aiki ta 'yan watanni. Wannan rabo bai yi mini daɗi ba, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba. Mutumin da tafin hannunsa ke tsare dukiyar miliyoyi bai kamata ya tsufa yana lissafin kuɗin magani ba.

Haka ta faru da Eddie Sweat, yaron dokin Secretariat, ingarman da ya cinye manyan sukuwa uku na Amurka a 1973. An sayar da hannun jarin dokin a kan dala miliyan 6 da 'yan kai, aka kai shi gonar Claiborne a Nuwamban shekarar don ya yi barbara. Sweat ne ya rako shi. Akwai wani hotonsa da aka ɗauka a ranar, ta bayansa: yana zaune shi kaɗai a kan ɗan gajeren bango, jakarsa a gefe, yana share ido. Ya rasu a 1998 ba shi da wani abin kirki. Daga baya aka yi mutum-mutumin Secretariat a gandun dawaki na Kentaki, aka sa Sweat a ciki riƙe da ragama. Will Harbut, yaron dokin wani shahararren ingarma mai suna Man o' War, ya fi shi sa'a ta wani fannin, domin shi bayan ritayar dokin aka ba shi shi, ya shekara goma sha biyar yana kula da shi, yana ba maziyarta labarinsa. Harbut ya rasu a Oktoba 1947, dokin ya bi shi ranar 1 ga Nuwamba. Bahaushe ya ce sabo ake yi wa kuka, kuma ban ga abin da zai sa a ce mutum kaɗai ke yin sa ba.

Ritayar doki aiki ce, ba sakin igiya kawai ba. Dabbar da ta shekara uku tana cin abincin gudu, in ka sake ta a babban fili rana ɗaya, za ta zabura ta ji wa kanta ciwo. Sai an rage hatsi sannu a hankali, a sauya ko a cire takalman ƙarfen sukuwa, a riƙa jan ta da hannu, a fara da ƙaramin shinge, sannan a haɗa ta da wata goɗiya mai haƙuri ta koya mata zama cikin 'yan'uwa. Sababbin hannaye ne ke yin wannan, ma'aikatan gona. Abin da tsohon mai kula zai iya bayarwa shi ne bayani: ga inda take son a sosa mata, ga abin da ke ba ta tsoro, ga yadda take yi in ba ta jin daɗi.

Kuma Zenyatta 'yar gata ce. Doki na iya kai shekara 25 zuwa 30, sukuwa kuwa yawanci ta ƙare kafin ya cika bakwai. Dubbai ne ke barin fili kowace shekara ba mai tarya. Ferdinand, wanda ya ci Kentucky Derby a 1986, an sayar da shi Japan, kuma a 2003 labari ya fito cewa bisa dukkan alamu a mayanka ya ƙare. Fushin da masoya suka yi ya taimaka wajen kafuwar gidajen tsofaffin dawaki irin Old Friends, wanda Michael Blowen ya buɗe a Kentaki a wannan shekarar, inda mutane ke zuwa da karas su gaida dokin da suka taɓa yi wa ihu. A irin waɗannan gidaje ma, ƙaunar masoya kuɗin ciyawa take saye. Mai tashi da asuba ya duba kwano dai shi ne yaron doki.

A gonar Lane's End, inda aka kai ta bayan ritaya, Zenyatta ta haifi ɗanta na fari, Cozmic One, a Maris 2012. Bai gaji gudunta ba, bai taɓa cin sukuwa ba, daga baya aka koya masa tsallaken shinge. Masoyanta ba su damu ba, suka ci gaba da aiko da katuna duk ranar 1 ga Afrilu. An ba ta kambun gwarzon dokin shekarar 2010, an kafa mutum-mutuminta a Santa Anita. Hollywood Park kuwa an rufe shi a Disamba 2013, aka rushe, har da barga ta 55, yanzu katafaren filin ƙwallo ne a wurin.

Amma a Disamban 2010 bargar na nan, kuma ɗakin doki a filin sukuwa ba ya daɗewa babu kowa. Akan kwashe tsohuwar shimfiɗa, a wanke bango da kwano, a zuba sabuwa, a kawo wani ɗan dukushi ɗan shekara biyu wanda bai san kowa ba, yana zare ido yana harbin ƙofa. Da ƙarfe huɗu na asuba mai kula ya shigo, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa har ya daina ja da baya, sannan ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a kan gwiwar hagu, ya fara bi zuwa ƙasa.