Idan Wuta Ta Ɗauke a Damagaram: Wace Magana Ce Gaskiya?

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, da wuta ta ɗauke sai maganganu su fara yawo daga fada zuwa kasuwar Dole. Wasu suna da tushe, wasu kuwa sun ci rayukan mutane.

"Najeriya ce ke yanke mana wuta." Akwai ƙamshin gaskiya. Wutar Damagaram da Maraɗi daga Katsina take tasowa, ta biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse ta a watan Agusta saboda takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai a 2024 bayan ɗage takunkumin. Amma ba kowane duhu ne na siyasa ba. Da bazara kowa na kunna fanka, buƙata ta fi ƙarfin abin da ke shigowa, sai kamfanin wuta na NIGELEC ya riƙa rabon wutar unguwa-unguwa.

Maganar da ta fi damuna ita ce: "In dai ƙofa a buɗe take, ba laifi a kunna gurup a zaure." Ƙarya ce mai kisa. Na san tsoron ɓarawo ne ke sa a shigar da injin wutar ciki, amma hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, amai da kasala. Mai barci kuwa yana iya zarcewa bai farka ba. Shi ya sa idan gida guda suka tashi da ciwon kai tare, sai a ɗora wa aljanu, ko sammu, ko tuwon daren jiya. A kashe inji, a fitar da kowa sarari, a nufi asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. Mazaunin gurup fili ne, nesa da taga. Haka gawayi: kaskon wuta ko murhun shayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, guba ɗaya suke fitarwa.

Zuba mai inji na aiki? Kada a kuskura. A kashe shi, ya huce tukuna.

"Dawowar wuta na ƙona kaya." Wannan gaskiya ne, don takan dawo da ƙarfin da ya wuce kima. A zare talabijin da firji da caja, a bar ƙwan fitila ɗaya a kunne don a san ta dawo.

"Da wuta ta tafi, abin da ke firji ya lalace." A'a. Idan ba a yawan buɗewa, firji kan riƙe sanyi kamar awa 4, cikakkiyar firiza kuma har kusan kwana 2, ko da yake zafin garinmu yana rage wannan lokaci. Sai dai shinshina nama ba hujja ba ce; yana iya lalacewa bai yi wari ba.

Batun sanyin ɗakin ƙasa ma gaskiya ne: katangun tsofaffin gidajen Birni masu kauri suna jinkirta shigar zafi fiye da rufin kwano. Wanda ke ƙarƙashin kwano ya jiƙa zane ya yafa, ya yawaita shan ruwan randa, ya fitar da tsofaffi da jarirai tsakar gida da dare, a cikin gidan sauro.