Takardun Ƙasa a Matsayin Hujjar Salsala: Misali Daga Bompai, Sharaɗa da Calawa

A wannan takarda muna so mu duba yadda mai binciken salsalar wani gida zai amfana da takardun ƙasa, a wuraren da gonakin kakanni suka zama harabar masana'antu. Bompai ce ta fara karɓar masana'antu tun kafin samun mulkin kai a 1960, sa'an nan Sharaɗa cikin shekarun 1970, Calawa kuma daga baya. Kafin haka yawancin filayen nan gonaki ne na ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano.

Mai bincike yakan fara da neman wasiyya, amma a ƙasar Hausa ba ta cika biyan bukata ba. A shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji ita, watau sunayen da muke nema su ne ainihin waɗanda ba ta ambata. Galibi ma da baki ake yin ta a gaban shaidu. Abin da ya fi ta amfani shi ne littafin alƙali na rabon gado, domin ba a rabo sai an lissafa magada, an bayyana dangantakar kowa da mamaci. Irin waɗannan shari'o'i suna cikin littattafan majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara wasu daga Larabci, aka buga a 1994.

Takardar shaidar mallaka ita ma kaɗan take faɗa. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa a hannun Gwamna, ta 1962 ta bi sawunta, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filayen kowace jiha ga gwamnanta. Saboda haka sunan kamfani ne a kan takardar fili a Sharaɗa. Manomin da aka tasa sai a jerin waɗanda aka biya diyya, inda mai unguwa ko dagaci ya shaida gonar wane ce. Wannan jeri shi ne mahaɗi tsakanin masana'anta da gandun da ta maye. Daga nan sai a koma baya zuwa littattafan haraji, waɗanda suka samo asali daga aikin malaman taki, masu auna gona da sawu su rubuta mai ita. Sun katse a 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Wuraren da ya kamata a fara nema su ne gidan adana takardun tarihi na Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano.

Sai dai canjin suna a kan gona ba kullum yake nufin gado ba. Yana iya zama saye, ko jingina, ko aro, ko kyauta, kuma malamin haraji mai biya ya dama da shi, ba asalin mai gona ba. Wanda ya ɗauki kowane sabon suna a matsayin ɗan na baya zai ƙulla zumunci inda babu shi, balle ga yawan Audu da Garba a unguwa guda.

Babban giɓin kuwa na mata ne. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, ba a janye hanin ba sai a 1954, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Shekara 31 ke nan da takardar gona za ta nuna 'ya'ya maza kaɗai, alhali ta wajen aure ne gidajen ƙauyukan nan suke haɗuwa. A ganinmu, a nan dole mai bincike ya ajiye takarda ya tafi wurin tsofaffin matan gida, ya rubuta abin da suka faɗa, sa'an nan ya gwada shi da shari'o'in gado na bayan 1954, inda sunayen mata suke sake fitowa a matsayin masu rabo a gona.