Yadda likitoci ke auna haɗarin da yaro mai gubar jini ke ciki

Gubar jini, wadda likitoci ke kira sefsis, tana aukuwa ne idan garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayar cuta, har ta shiga lahanta huhu da zuciya da ƙwaƙwalwa. Ciwon huhu da gudawa da zazzaɓin cizon sauro duk suna iya kai yaro ga wannan hali. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2017 yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 2.9 ne suka rasu sanadiyyarta.

A Malkohi da ke gefen Yola, inda waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu suka samu mafaka tun 2014, aikin jami'in lafiya shi ne ya tantance, cikin yara masu zazzaɓi, wanda magani a gida zai ishe shi da wanda dole a garzaya da shi Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Domin sauƙaƙa irin wannan hukunci masana suka ƙirƙiro ma'aunai masu ba da maki.

A watan Janairun 2024 aka wallafa ma'aunin Phoenix, bayan nazarin bayanan jinyar yara sama da miliyan 3 a Amurka da Bangladesh da Sin da Kolombiya da Kenya. Yana duba numfashi da gudanar jini da daskarewarsa da aikin ƙwaƙwalwa, makinsa kuma daga 0 zuwa 13 ne. Yaron da ake zaton ƙwayar cuta ta shige shi, idan ya samu maki 2 ko fiye, ana ɗaukarsa mai gubar jini. Cikin irin waɗannan yara kashi 7.1 cikin 100 ne suka mutu a asibitoci masu wadatar kayan aiki, yayin da adadin ya kai kashi 28.5 a marasa wadata.

Sai dai wannan ma'auni yana buƙatar gwaje-gwajen jini da ƙananan asibitoci kan rasa, kuma lahanin da ya riga ya auku yake aunawa. Shi ya sa ma'aunin Lambarene, wanda aka fitar a 2009 daga nazarin yaran Afirka masu zazzaɓin cizon sauro, ya fi dacewa da irin waɗannan wurare. Alamu uku kawai yake dubawa: doguwar suma, kasa zama ko shan nono, da jan numfashi mai zurfi. Kowace alama maki ɗaya ce, kuma haɗarin mutuwa yana ƙaruwa da ƙaruwar makin.

Ga iyaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana alamun haɗari: kasa sha, amayar da duk abin da aka ci, jijjiga, da yawan barci ko fita hayyaci. Ko ɗaya aka gani daga cikinsu, a kai yaro asibiti nan take, kada a bari ya kwana a gida.