Ƙofar da ba ta jin magiya: yadda manhaja ke tantance masu shiga mahaƙar ma'adinai a Ostireliya

Ƙarfe biyar na asuba a garin Moranbah da ke jihar Kwinslan ta ƙasar Ostireliya, ma'aikaci ya sauko daga bas da hular kwano a hannu ya nufi ƙofar mahaƙar kwal. Babu maigadin da zai ce wa "sannu da aiki" ya wuce. Ƙofa ce ta ƙarfe mai juyawa, da na'ura a gefenta. Sai ya ɗora katinsa, a wurare da yawa ma sai ya hura iska cikin wani bututu a ga ko ya sha giya. In fitila ta nuna kore, ya shige. In ta nuna ja, to malam sai haƙuri. Ƙila takardar horonsa ce ta ƙare daren jiya, ƙila lokacin gwajin lafiyarsa ne ya wuce bai je ba. Ko shekara ashirin ya yi a wurin, ƙofar ba ta san sabo ba. Ba ta jin "haba, ka san ni fa", ba ta karɓar na goro.

Abin da ke buɗe ƙofar nan ko ya hana ta buɗewa manhaja ce. Ba irin wadda ake saukewa a waya a yi ta kallon bidiyo ba. Manhaja ce da kamfanonin haƙar ma'adinai ke biyan kuɗi a tsara musu ita daidai da wurin aikinsu, don ta riƙe bayanan horon kowane ma'aikaci, ta san wanda ya cancanci ya yi wane aiki, a wane sashe, kuma zuwa yaushe.

Turawan nan ba don son gayu suka ƙirƙiro abin ba. Rayuka ne suka salwanta. A ranar 7 ga Agustan 1994 iskar gas ta fashe a ramin kwal na Moura, mutum 11 suka mutu. Bayan kwana biyu aka sake samun fashewa, sai aka toshe ramin gaba ɗaya da gawarwakin a ciki, har yau suna can. Wannan shi ne karo na uku a yankin cikin shekara ashirin: an rasa mutum 13 a 1975, an rasa 12 a 1986. Bayan binciken da aka yi, jihar ta kafa sabuwar dokar kare lafiyar ma'aikatan kwal a 1999, wadda ta ɗora wa shugaban kowace mahaƙa nauyin tabbatar da cewa duk wanda aka ba aiki ya san aikin. Cewa "ai ya iya" ba ta wadatar ba, sai an nuna shaida.

Daga nan takardu suka yi yawa. Mai son aiki a mahaƙar kwal a Kwinslan sai ya yi wani kwas na share fage da ake kira Standard 11, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar. Sai gwajin lafiya, wanda aka ƙara tsaurara shi bayan da aka sake gano cutar baƙin huhu a jikin ma'aikata a 2015, cutar da aka ɗauka an daɗe da rabuwa da ita. Sai lasisin kowane inji da mutum zai taɓa, sai izinin aiki a sama, sai izinin shiga wuri mai ƙunci, sai horon da ita kanta mahaƙar ke bayarwa kan nata haɗurran. Ka lissafa wannan sau mutum dubu biyu, kowa da ranar da takardarsa za ta ƙare. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikinsu ba ma'aikatan kamfanin ba ne, 'yan kwangila ne, yau suna nan, mako mai zuwa suna wata mahaƙar. Wane akawu ne zai riƙe wannan da fayil da biro?

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Kowane ma'aikaci yana da shafinsa a cikin manhajar, kamar shafinka na Facebook, sai dai maimakon hotunan sallah, takardun shaida ne a jere. Kowane aiki kuma an rubuta masa sharuɗɗansa: direban babbar mota yana buƙatar kaza da kaza, mai walda yana buƙatar kaza. Manhajar tana gwada shafin mutum da sharuɗɗan aikin da za a ba shi. In akwai giɓi, za ta nuna. In takarda ta kusa ƙarewa, za ta tura saƙo ga ma'aikacin da wanda ke kula da shi tun da sauran makonni. Kamfanin ɗan kwangila shi ke loda takardun mutanensa kafin su taso daga gida, shi kuma ma'aikacin ya zauna da wayarsa ya kalli darussan, ya amsa tambayoyi. Idan ya ci, katinsa ya fara aiki. Akwai wani amfani da mutane ba su cika tunawa da shi ba: ranar da gobara ta tashi ko rami ya rufta, da an duba allo za a ga sunayen duk waɗanda ke ciki a wannan lokacin. Masu ceto sun san mutum nawa suke nema.

To me ya sa kowace mahaƙa sai an tsara mata tata? Saboda abin da ke kashe mutum a nan ba shi ke kashe shi a can ba. A ramin kwal na ƙarƙashin ƙasa, babban abokin gaba iskar gas ce da ba a gani, da rufin da ka iya faɗowa. A filayen tama na Pilbara da ke yammacin ƙasar kuwa, a sarari ake haƙa, cikin zafin da ke wuce digiri 40, tsakanin motoci masu ɗaukar sama da tan 200. Direban irin motar nan zai iya taka ƙaramar mota bai ma gan ta ba. Wasu motocin ma ba direba a cikinsu, daga birnin Perth ake lura da su. Darasin da aka shirya wa mai shiga rami ba zai ceci mai tafiya tsakanin waɗannan motoci ba.

Amma fa kada a ɗauka kati ya gama magana. Nan ne ni nake da ja.

Gwamnatin Kwinslan ta sa wani injiniya, Dakta Sean Brady, ya bi diddigin duk mace-macen da aka samu a mahaƙai da wuraren fasa dutse na jihar daga 2000 zuwa 2019. Mutum 47 ne. Ya gano cewa a 17 daga ciki, mamacin bai samu horon ainihin aikin da yake yi a lokacin ba, kuma a da yawa babu kulawar da ta kamata daga na sama. Duk wannan a ƙasar da take da doka da kwasa-kwasai da kwamfutoci. Watanni kaɗan bayan fitowar rahoton, a watan Mayun 2020, gas ta fashe a mahaƙar Grosvenor kusa da Moranbah, mutum biyar suka ƙone ƙwarai. A shekarar ce jihar ta yi dokar da za ta iya ɗaure manyan jami'an kamfani har shekara 20 idan sakacinsu ya kashe ma'aikaci.

Manhaja tana iya tabbatar da cewa ka kalli bidiyo, ba ta iya tabbatar da cewa ka fahimta. Kowa a cikinmu ya san yadda ake yi: a danna "na gaba", a danna "na gaba", a kai ƙarshe, a ce "na amince" ba a karanta ko layi ɗaya ba. In haka mutum ya yi horonsa, allon manaja zai nuna kore shar, shi kuwa yana nan da jahilcinsa a gaban injin da zai iya cire masa hannu. Shi ya sa mahaƙan da suka san abin da suke yi ba sa tsayawa a tambayoyin waya. Sai wani gwani ya tsaya a kan mutum ya ga ya yi aikin da hannunsa, sannan ya sa hannu a cikin manhajar. Inda aka bar wannan, manhajar ta koma garkuwar kamfani a kotu kawai.

Wani zai ce ina ruwanmu da Ostireliya? Ai mu ma muna haƙa. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda iyayensu na kawo dutsen gida ana daka shi a tsakar gida ba wanda ya san akwai guba a ƙurar. Can babu ƙofa balle kati. Abin da aka koya wa mutane daga baya ƙananan abubuwa ne: a fitar da aikin daga cikin gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa, a yi wanka a sauya kaya kafin a koma wajen iyali. Horo ne shi ma, irin wanda ya dace da wurin.

Ku da kuke koyon rubuta manhaja a Kano ko Kaduna ko Yamai, kuna ta neman abin da za ku gina wanda ba na sayar da data ba, ga fili nan. Ba lallai ne a kwafo na Turawa ba, don wanda ke cikin rami a Anka ba shi da kwamfuta, ƙila ma ba ya karanta boko. Amma yana da waya, yana jin saƙon murya da Hausa, kuma akwai shugaban da ke raba musu aiki kowace safiya wanda ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ko rajistar da za ta nuna wa ya sauka rami yau, wa ya fito, ta waya mai madannai ba tare da intanet ba, aiki ne da zai sa ranar da ƙasa ta rufta a san adadin waɗanda ake tona nema.