Takardar Gargaɗin Faɗuwa da Dattijon da Ba Ya Karanta Boko

Duk ranar 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin tsofaffi, akan ji jami'ai suna maganar wayar da kai, maganar da sau da yawa take ƙarewa a buga 'yan takardun bayani, wato waɗanda ake miƙa wa majiyyaci a asibiti domin ya karanta a gida, sai a ɗauka an gama aiki. Lamarin faɗuwa kuwa babba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta tattara a 2019 ya nuna atisaye yana rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 23 cikin ɗari, alhali hujjar amfanin bayani zalla ba ta da ƙarfi.

A Dutsin-Ma da Kurfi na Jihar Katsina, abubuwan da suke kayar da dattijo sanannu ne: santsin makewayi, da masai na tsuguno, da dokin ƙofa, da fita sallar Asuba cikin duhu ga mai yanar ido, da jirin da wasu magungunan hawan jini suke haddasawa idan an miƙe da sauri. Wanda ya karye kuma yakan fara zuwa wurin mai ɗori kafin asibiti.

Babban abin da ake mantawa shi ne rubutun da takardar take ɗauke da shi. Dattijai da yawa da ake kira jahilai sun yi makarantar allo kuma suna karanta ajami, wato Hausa da haruffan Larabci, rubutun da ya riga boko a ƙasar Katsina. Turawan mulkin mallaka suka fifita boko, yaƙi da jahilci na shekarun 1950 ya ƙarfafa shi, har a 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga ƙananan takardun naira. Takardar da aka rubuta da Ingilishi da ƙananan haruffa ba ta isar da komai ga irin wannan mai karatu, sai dai a ƙunshe ƙosai da ita.

Ya wajaba Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina, tare da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, su samar da takardun ajami masu manyan haruffa da zane, a karanta su a masallatai da fadar Yandaka a Dutsin-Ma da ta Maradi a Kurfi, a kuma sa masu ɗori cikin shirin. 'Ya'yan da suke aika wa iyayensu kuɗin magani su ma ba su da uzurin barin makewayi babu fitila, babu madafa.