Shuwaka da Ciwon Ciki: Darasi Daga Biri



Duk yaron da ya taɓa gadin masara a Faskari ko Sabuwa ya san biri da ɓarna. To amma ka san biri yakan nemi magani in cikinsa ya ɓaci? Saurara ka ji.

A watan Nuwamba na 1987, wani masani ɗan Amurka mai suna Michael Huffman, na Jami'ar Kiyoto ta Japan, yana bin garken manyan birai da ake kira cimfanzi a tsaunukan Mahale na ƙasar Tanzaniya. Irinsu na nan a dajin Gashaka na Jihar Taraba. Tare da shi akwai wani jami'in daji ɗan ƙasar, Mohamedi Seifu Kalunde.

Sai suka lura da wata birinya da suka sa wa suna Chausiku. Ba ta cin abinci, sai kwanciya. Can sai ta je wurin wani tsiro, ta karya reshe, ta zubar da ganye, ta ɓare ɓawon, ta tauna ɓargon ciki, ta tsotse ruwan ta tofar da tuƙa. Kashegari ta miƙe, ta koma cin abinci. Kalunde ya ce ai mutanensu ma da wannan tsiro suke maganin ciwon ciki da tsutsa. Ka san ko wane tsiro ne? Shuwaka ce, wadda iyayenmu mata ke wankewa su yi miya!

Huffman ya ci gaba da bincike shekara da shekaru, har yana duba kashin birai da madubin likita. Ya gano cewa tsutsar hanji ta fi damunsu da damina, kuma a lokacin ne suka fi neman shuwaka. Wata birinyar da ya auna, ƙwan tsutsa ya ragu ƙwarai a kashinta bayan ta tauna ɓargon. Haka nan sukan naɗe ganye mai kaushi su haɗiye ba taunawa, ya bi hanji ya fito da tsutsa.

Ga inda darasin yake. Da aka auna tsiron, sai aka ga sinadari mafi guba ya fi yawa a ganye da ɓawo, waɗanda birinyar ta zubar. Ashe ba da ka ta ci ba. Mu fa? Sau nawa ake ɗura wa yaro jiƙo kofi guda ba awo? Ɗaci ba shi ne shaidar magani ba, kuma abin da babba zai jure yana iya kwantar da yaro.

Saboda haka, in ka ga tsutsa a bayan gida, ko cikinka ya daɗe yana murɗa, gaya wa iyayenka su kai ka asibitin Ƙanƙara ko wanda ke kusa da ku. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan ka kama ruwa. Ka sa takalmi, don wata tsutsar ta tafin ƙafa take shiga. Rigakafi ya fi magani.

Kada ka raina darasi don daga dabba ya fito. Duba Suratul Ma'ida, aya ta 31, ka ga yadda hankaka ya koya wa ɗan Annabi Adamu binne gawa.

Allah Ya ba mu lafiya da ilmi mai amfani, amin.